Rijiyar Baba da Da'irar Yola

Alhamis, 4 ga Muharram, 1321. Garwa.

Da hantsi aka kira ni bariki. An ba da ni aro ga wani Bajamushe mai awon ƙasa, wanda masu ɗaukar kayansa ke kira Mai Madubi, saboda wani madubi da yake kafawa a kan ƙafa uku yana leƙen duwatsu. Tafinta yake so mai jin Hausa da Fulatanci, wanda kuma ya iya lissafi. Wai an gaya masa ni nake raba gado a unguwarmu. Jamusancina na kasuwa ne, a hanyar goro na tsince shi, amma ya ce ya isa.

Ya ba ni wannan littafi da fensir, in riƙa rubuta sunayen ƙauyuka. Daga gaba nasa, daga baya nawa. Ai ba ya karanta ajami.

Na gaya wa matata Asta zan yi wata uku a daji. Ta tashi ta ɗauko turmi ta fara dakan guzuri.

Litinin, 8 ga Muharram. Zango a bakin Faro.

Yau na ga takardar iyakar da aka aiko mu aunawa. Wai shekara goma da suka wuce manyansu da manyan Ingilishi suka zauna a Turai da wani ƙarfe mai ƙafa biyu kamar hantsaki. Suka kafa ƙafa ɗaya a tsakiyar Yola, suka buɗe ɗayar har kusa da inda Faro ke shiga Binuwai, suka zagaya. Abin da ke cikin da'irar na Ingilishi, na waje na Jamus. Mu aka aiko mu sauko da ita daga takarda zuwa ƙasa.

Da'ira kam na sani. Haka Baba, Allah ya jiƙansa, yake fitar da harsashin ɗaki: turke a tsakiya, igiya, a zagaya. Sai dai wannan igiyar kilomita arba'in da biyar ce a awonsu, tafiyar yini da rabi ga mai kaya.

Na nemi garinmu, Tungar Magina, a takardar, ba ta ciki. Gida goma sha ɗaya, wa zai sa ta? Baba ne ya sare dajin, shi ya haƙa rijiyar. Inna na can, Yaya Isa na can. Na ɗora yatsa inda ya kamata ta kasance. Yatsan ya rufe layin.

Juma'a, 12 ga Muharram.

Zafi har sarƙar awo ba ta taɓuwa. Mahamat, tsohon Bashuwa daga Kusiri wanda ke jan sarƙar, ya naɗe hannu da tsumma.

Mai Madubi ya zaunar da ni a inuwa. Ya ce ba wanda zai iya jan lanƙwasasshen layi a daji. Za a tara duwatsu a kan tudu nan, a tara a kan wancan, a ce iyaka ita ce miƙaƙƙen layin da ke tsakani. Ya zana a ƙasa. Yankin da'irar mai lanƙwasa, da layin da ya haɗa bakinsa biyu. Na ce ai baka ne da tsirkiya. Ya tambayi ma'anar tsirkiya, na kwatanta masa da hannu, sai ya yi dariya har da buga cinya. Ashe su ma haka suke kiranta. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar tsirkiya da bayan baka kuwa, kibiya.

Na ce to, mutanen da ke zaune tsakanin baka da tsirkiya fa? Ya ce sirir wuri ne, ba kowa.

Asabar, 13 ga Muharram.

Ya nuna mini yadda ake sanin tsawon kibiya ba tare da an taka ba. Sau uku. Ban gane ba.

Talata, 16 ga Muharram.

Na gane, ko dai na ce na gani. Da azahar na ari igiya wajen Mahamat na zana da'ira a yashin kogi. Na ja layi biyu suka gitta juna a cikinta, kowanne ya rabu biyu. Na auna da taƙi. Ɗaya ya rabu huɗu da shida, ɗayan uku da takwas. Huɗu sau shida ashirin da huɗu. Uku sau takwas ashirin da huɗu. Na share, na sake wani gittawar a wani wuri. Haka. Na sake. Haka.

Tsigar jikina ta tashi. Shekara goma sha biyar ina raba gado, kullum sai wani ya ce an cuce shi. Wannan kuwa ba mai gardama. Mahamat yana tsaye a kaina ya ce, "Malam, duba kake yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ya fi duba ban tsoro, fuskarka ta sake."

Juma'a, 19 ga Muharram.

Layi uku ne, in ji Mai Madubi. Wanda ya wuce da'ira bai taɓa ta ba. Wanda ya shafe ta a wuri ɗaya tak ya wuce. Wanda ya ratsa ta ya fita ta wancan gefe. Yanzu kowace safiya sai ya ba ni tambaya ɗaya, in na kawo amsa ya duba ya ce "Rishtish," wato daidai. Shi ma in ya gama nasa lissafin yakan miƙo mini ya ce, "Mamudu, daidai?" Wasa ne a wurinsa. Ban taɓa samun kuskure ba.

Talata, 23 ga Muharram. Tunga.

Inna ta tsufa cikin shekara guda. Ta riƙe hannuna tana ta juya shi, wai na yi baƙi. Ta ba Bature fura a sabuwar ƙwarya, ya sha ya ce useko, godiya da Fulatanci, ya ɗauka Fulani ne mu. Matan gidan suka yi ta ƙunshe dariya.

Da la'asar aka kafa turken ƙarfe a gindin kukar da ke gabas da gari. Nan da'irar ta bi. Na ji sanyi a raina: gari duk yana ciki, da gidaje da rijiya da fadama da maƙabarta. Ingilishi ne za su mallake su, ni ina wajen Jamus, to sai me? Suna tare da ruwansu.

Ni da Mahamat muka ja sarƙa daga kuka muka nufi Yola. Gidan ƙarshe, mita ɗari da hamsin. Rijiya, ɗari huɗu da talatin.

Yaya Isa ya ja ni bayan rumbu. "Mudi, kai ne a cikinsu. Ina muka faɗa?" Na ce ciki, Yaya. Ya ce alhamdulillahi. Ba Turawan yake tsoro ba. Ardo Hamadu na rugar yamma yake tsoro, wanda tun Baba na da rai yake cewa rijiyar a burtalin shanunsu take. Abin da ya hana shi ƙwace ta, gabaɗayanmu alƙali ɗaya muke zuwa.

Alhamis, 25 ga Muharram.

Na yi gaggawar cewa ciki.

An zaɓi tuddai biyun da za a tara duwatsu, Dutsen Kura a arewa da wani da Fulani ke kira Hosere Ɓale a kudu. Tsakaninsu kilomita goma sha biyu, Tunga kuma a tsakiya daidai. Ban jira ya ba ni tambayar ba. Rabin tsirkiya shida. Shida sau shida talatin da shida. Faɗin da'irar duka casa'in. A raba talatin da shida gida casa'in. Kibiya mita ɗari huɗu.

Wato layin zai bi yamma da gidaje, gabas da rijiya. Gidaje na Jamus. Rijiya da fadama na Ingilishi, tare da Ardo. Da mita talatin.

Na sake sau biyar. Na yi da tsakuwa, na yi da fensir.

Asabar, 27 ga Muharram.

Ban gaya wa kowa ba. Na ci tuwon Inna, da ruwan rijiyar aka tuƙa shi.

Laraba, 1 ga Safar.

Na samo mafita, na kai wa Mai Madubi. A ƙara tarin duwatsu na uku a gindin kuka. Tsirkiya ɗaya ta zama biyu gajeru, dukansu su taɓa da'irar a kuka, gari ya koma ciki gaba ɗaya. Na zana masa, na nuna lissafin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a ƙasarsu akwai waɗanda suka yi shekara uku a makaranta ba su iya wannan ba. Na ce ranka ya daɗe, ba yabo na zo nema ba, ruwan sha ne na gida goma sha ɗaya.

Ya ce ba shi ke da iko ba. Zai rubuta wa manyan da ke zaune a Yola, na ɓangare biyun. Na ga ya rubuta, na ga manzo ya tafi. Ba mugun mutum ba ne. Da ma mugu ne, da na san abin da zan yi da fushina.

Alhamis, 2 ga Safar.

Na gaya wa Yaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baka da tsirkiya? Mudi, farauta kuka zo yi?" Na zana masa a ƙasa. Ya sa ƙafa ya share. Ya ce shi abu ɗaya ya sani, yana ɗan shekara tara ya riƙa jan gugan ƙasa daga ramin nan Baba yana ciki.

Juma'a, 10 ga Safar.

Ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fito da iri. Yaya ya aiko har zango yana tambaya, ya shuka fadama ko kada ya shuka? Na ce wa ɗan aiken ban sani ba. Ya ce Yaya ya ce in na ce ban sani ba, a tambaye ni to wa ya sani.

Laraba, 15 ga Safar.

Amsa ta zo. Layi huɗu. Dole tarin duwatsu ya kasance a kan tudu inda ɗaya ke hango ɗaya, kuka kuwa a kwari take. An riga an amince da tuddai biyun, ba za a sake zama ba saboda rijiya. Mai Madubi ya karanta mini a hankali kamar mai karanta wa mara lafiya. Shi kansa idonsa ya yi rawaya, yana rawar sanyi cikin wannan zafi.

Lahadi, 19 ga Safar. Garwa.

Mun dawo da shi a amuku, yana kwance ana ɗauke da shi, ya sha magani wajen likitansu. Na samu kwana biyar a gida.

Asta ta ce a ɗauko Inna a dawo da ita nan, ɗakin baya babu kowa, ga Binuwai a ƙofar gida. Na ce sauran gida goman fa? Ta ce, "Sey munyal," sai haƙuri, ta ci gaba da tsefe kanta. Da gaskiyarta. Me za ta ce?

Na je wajen liman na unguwa, ya yi addu'a. Na je wajen sarkin Hausawa, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, in je bariki. A bariki magatakarda ya ce maganar iyaka ba ta bariki ba ce, ta masu awo ce. Masu awo kuwa ni ne.

Talata, 21 ga Safar.

Na zauna a zaure ina gwada ko da wata hanya. In igiyar Yola ta fi haka tsawo, kibiya ta gajarta, ba amfani. In tuddan sun ƙara nisa da juna kaɗan, layin ya wuce rijiya. Amma wa zai matsar da dutse? Asta ta leƙo ta ce abinci ya huce. Ban san rana ta yi haka ba.

Litinin, 5 ga Rabi'ul Awwal. Tunga.

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Mun iso da hantsi don kafa alamar tsakiya. Daga gari ba a hango tuddan saboda itatuwa, don haka sai an auna daga kuka. Mai Madubi bai warke ba, a kan akwati ya zauna. Ya yi lissafi a littafinsa ya ce ɗari huɗu da hamsin. Na ji. Na ɗauki bakin sarƙa, Mahamat ya ɗauki ɗayan.

Gari duk ya fito. Ardo Hamadu ma ya zo da mutanensa, suna tsaye can gefe, sanduna a kafaɗa. Muka wuce gidaje. Muka wuce ɗari huɗu, ban tsaya ba. Muka wuce rijiya. Mita ashirin a bayanta Mahamat ya buga turke. Sai guɗa. Matar Yaya ce ta fara, sauran suka ɗauka. Na ga Inna ta ɗaga hannu sama. Yaya ya rungume ni, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara, yana cewa, "Na san kai ne, na san ba za ka bar mu ba." Ardo ya juya zai tafi.

Muka koma wajen Bature. Ya miƙo mini littafin kamar kullum, ko kallona bai yi ba. "Mamudu, daidai?"

Tamanin ya rubuta maimakon casa'in. Tarar tasa ta rufe ta ƙasa ta zama takwas, ya bi ta a haka.

Abin da ake so in ce kalma ɗaya ce. Na iya ta da harshensu ma. Ba wanda zai sake zuwa dajin nan da sarƙa, ko ya zo ba zai kula da mita hamsin ba. Na san duk wannan a lokacin, ba daga baya na sani ba. Ban yi magana ba, Allah shaida ne ban buɗe baki ba. Yatsana ne ya sauka a kan lambar ya tsaya.

Ya duba. Ya ce wata kalma da ban sani ba. Ya gyara.

Mahamat ya ƙi cire turken, ya ce bayansa na ciwo. Ni na cire. Ni na dawo da shi baya, na wuce rijiya, kowa na kallo, na buga shi a ɗari huɗu. Ƙarar dutsen da nake bugawa da shi kaɗai ake ji.

Talata, 6 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya bai fito ba. Na yi sallama sau uku a ƙofarsa.

Inna ta ce in shigo. Tana gyaran auduga. Ta ce, "Mudi, tsoron Baturen ka ji?" Da na ce i, da ta yafe nan take, na gani a fuskarta. Na ce a'a, Inna. Ta ce, "To me?" Na ce lissafin ba daidai ba ne. Ta dube ni, ta daɗe, kamar tana neman ɗan wa nake kama da shi. Ta ce in ci abinci kafin in tafi, hanya da nisa.

Juma'a, 9 ga Rabi'ul Awwal.

Mahamat bai yi mini magana ba kwana uku. Yau bayan salla ya ce, "Malam, na ja sarƙa wa Turawa iri uku. Ban taɓa ganin wanda Allah ya miƙo wa abu a hannu ya ce a sake aunawa ba." Na ce amana ce. Ya ce, "Amana," ya tofar da yawu ya tashi.

Na yi ta faɗa wa kaina amana ce. Wataƙila.

Alhamis, 22 ga Rabi'ul Awwal. Garwa.

Wani mai jaki ya kawo labari. Ardo ya kewaye rijiyar da ƙaya. Da damina ba a ji ba tukuna, akwai tafki. Gida biyu sun ce in an yi girbi za su tashi. Yaya ya je wajen alƙali, aka ce masa shi yanzu mutumin Jamus ne, ya kai ƙara Garwa. Bai zo ba. Ko ya zo bai sauka gidana ba.

Mai Madubi ya warke. Za su ci gaba arewa har Tafkin Cadi, yana so in bi shi, ba a matsayin tafinta kaɗai ba, zan riƙa riƙe littafin lissafi. Na ce zan yi shawara. Asta ta ce, "Ai ka riga ka yi, tun jiya kake gyaran takalmi."

Asabar, 15 ga Rabi'us Sani. Zango, kwana shida arewa da Garwa.

Ruwa ya hana tafiya tun safe. Wani falke da ya biyo mu daga Garwa ya kawo wasiƙa, Asta ce ta ba shi. Daga Tunga take, rubutun limaminmu ne, an naɗe an ɗaure da zare. Na sa a aljihu.

Mai Madubi ya ba ni sabuwar tambaya. Mutum yana tsaye wajen da'ira, ya ja layi ɗaya ya shafe ta, ya ja wani ya ratsa ta. Tsawo uku ke nan: na layin shafa, na layin ratsawa duka, da na ɓangarensa na waje; in an san biyu, a nemo na uku. Ya ce ba ya tsammanin zan iya kafin gobe. Shafukan gaba nasa ne, na baya sun kusa ƙarewa, ba na so in ɓata su da gwaji. Sai na yi a bayan wasiƙar, takardar mai kyau ce, fensir na kama ta.

Kafin la'asar na kai masa. Ya ce rishtish. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na ci abinci da yawa.

Zaren ban kwance ba tukuna. In ruwa ya ɗauke gobe da sassafe za mu tashi, ga sarƙa tana son mai. Sai mun sauka.